Zaman Benci Yana Cin Ƙarfinmu: Jawabi Ga Dattawan Sabo

 

Maganar da muka zo da ita yau ta jikinmu ce, mu da muka haura hamsin. Kakanninmu da aka yanka wa Sabo a nan Ibadan a 1916 ba mutanen zama ba ne. Da ƙafa ake koro shanu daga Arewa, a biyo ta Jebba da Ilori da Ogbomosho har a iso nan. Mai goro kuma yana bin ƙauyuka da kansa. To mu fa? Daga ƙofar gida acaba ke ɗaukarmu ya dire mu bakin rumfa. Mu hau benci tun hantsi, yaro ya kawo shayi, yaro ya kawo tuwo, ciniki ma yanzu a waya ake gama rabinsa. In ba don salla ba, wallahi wani ba zai miƙe ba sai magariba.

Sakamakon kuwa muna ganinsa: hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa. Mutum yana ƙirga kuɗi sai ɓarin jiki ya shanye. Kuma kun san yadda sha'aninmu yake, amanar mutane tana hannun maigida, bashi yana cikin kansa ba a takarda ba. Ranar da ya kwanta bakinsa ya karkace, dukiyar baƙi ta rikice, iyali su rasa na cefane, ƙarshe a sa shi a mota a yi Arewa da shi jinya.

Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Kada lissafin ya tsorata ku, rabin awa ne sau biyar. Ta ƙara da aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako, wanda ya kai 65 kuma ya riƙa gwada tsayuwa da daidaita jiki kwana 3 saboda gudun faɗuwa. Tafiyar da ake nufi ita ce mai ɗan sauri, wadda numfashi zai ƙaru amma kana iya amsa gaisuwa. Ba irin takun ƙasaitar da muke yi da babbar riga ba.

Sai keke. Da can mai Raleigh shi ne mai hali, yau an mai da hawansa abin kunya, wai Alhaji ya karye. Ai keke ya fi gudu sauƙi ga mai ciwon gwiwa, don sirdi ne ke ɗauke da nauyinka. Sai dai titin Mokola da rana ba wurin dattijo ba ne, ga tudu ga 'yan Micra ga acaba. A hau bayan asuba kafin gari ya cika, ko a sayi keken ɗaki wanda ba ya zuwa ko'ina, na hannu ma ya isa, maigida da uwargida su yi karɓa-karɓa.

'Ya'yanmu suna nuna mana yoga a waya. Abin mutanen Indiya ne, kuma asalinsa yana haɗe da addininsu, don haka abin da ya shafi bautarsu da kalmomin da suke furtawa mun bar masu. Miƙa gaɓoɓi a hankali da jan numfashi kuwa ba na kowa ba ne, kowane likitan ƙashi yana koyar da irinsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ga malamai nan, ya tambaya.

A ɗaki ma akwai abin yi ba da kobo ba. Ka zauna kan kujera ka miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sau goma. Ka dafa bango ka tura jikinka sau goma. Ka tsaya da ƙafa ɗaya kana riƙe da ƙyaure. Ka cika gora biyu da ruwa ka riƙa ɗagawa. Wannan mun fi faɗa wa iyayenmu mata, domin inji ya karɓe daka da niƙa, wadda ke cikin gida kuma ba ta da tafiyar kasuwa. Maza, ku isar masu da saƙon in kun koma.

Amma a fara da awo. A je a gwada jini da suga tukuna. Mai shan maganin suga kada ya fita da yunwa. Wanda ya ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take ya nemi likita, ba mai tallar jiƙo ba.

Roƙonmu ga ƙungiya shi ne ta sayi na'urar awon jini a ajiye a ofis, a riƙa gwada mu duk ranar taro. Sannan ga filin wasa na Adamasingba nan kusa da mu, da ƙafa ake zuwa. Masu son mu riƙa tattaki tare bayan asuba su ba sakatare sunansu kafin a watse.