Ƙaddara da Zaɓi: Darasi Daga Jarumawan Adabi Uku



Hausawa suna da maganganu biyu waɗanda kullum suke bakinmu. Idan abu ya ɓaci mukan ce ƙaddara ta riga fata. Idan kuma muka ga azzalumi ya faɗa ramin da ya haƙa, sai mu ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. Duka biyun gaskiya ne, amma ina iyakar kowace? Wannan tambaya ta daɗe tana damun marubuta, don haka za mu duba yadda uku daga cikinsu suka auna ta a kan jarumawan labaransu.

Na farko shi ne Idifus, jarumin wasan kwaikwayon da Sofokilis ya rubuta, aka nuna shi a birnin Atina na ƙasar Girka wajen shekara 429 kafin haihuwar Annabi Isa. Bokaye sun gaya wa Layus, Sarkin Tibis, cewa ɗan da zai haifa shi ne ajalinsa. Da aka haifi yaron sai aka huda masa ƙafafu, aka miƙa shi ga wani makiyayi ya yar a kan dutse. Tausayi ya kama makiyayin, ya ba wani ɗan'uwansa makiyayi, shi kuma ya kai shi gidan Sarkin Korinti, inda ya tashi yana zaton nan ne gidan ubansa. Da ya girma ya je wurin duba a Delfi, aka ce masa zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Saboda tsoron haka ya yi wa Korinti ƙaura. A wata mararraba ta hanya uku ya yi karo da wani dattijo a keken doki, gardama ta tashi a kan wa zai kauce, ya kashe shi. Dattijon nan kuwa Layus ne. Ya isa Tibis, ya warware kacici-kacicin dodanniyar da ta addabi garin, aka ba shi sarauta, aka aura masa matar marigayi.

Mai karatu da gaggawa zai ce wannan mutum ba shi da laifi, tun da gudun abin ne ya kai shi gare shi. Amma mu lura da inda Sofokilis ya fara wasansa. Ya fara ne bayan duk wannan ya wuce, annoba ta sauka a gari, an ce ba za ta ɗauke ba sai an gano wanda ya kashe Layus. Daga nan duk abin da muke kallo zaɓin Idifus ne. Makahon boka Tiresiyas ya ƙi magana, Idifus ya tilasta shi. Matarsa Jokasta ta gane inda zancen ya dosa, ta roƙe shi ya bari, ya ƙi. Tsohon makiyayin ya so ya yi shiru, aka yi masa barazana sai da ya faɗa. Sarki ne, yana da ikon rufe binciken a kowace gaɓa, amma ya bi shi har ya kama kansa, sannan ya tsiyaye idanunsa da hannunsa. Bai zaɓi gidan da aka haife shi ba, amma ya zaɓi sanin gaskiya ko da za ta raba shi da gadon sarauta. A nan girmansa yake. Marubucinmu Ola Rotimi ya mayar da wannan labari ƙasar Yarabawa a 1968, ya kuma ɗora nauyin a kan zafin zuciyar jaruminsa Odewale da ƙabilancinsa, ya sauke shi daga kan gumaka.

Na biyu shi ne Makbet, wanda Shekisfiya ya rubuta a Ingila wajen 1606. Sarkin yaƙi ne a Sukotilan. Yana dawowa daga fagen fama wasu mayu uku suka tare shi suka ce zai sami ƙarin sarauta, daga baya kuma zai zama sarki. Ba a jima ba maganar farko ta tabbata. To, abin lura shi ne mayun ba su ce masa ya kashe kowa ba. Shi da matarsa ne suka ƙulla, suka yanka Sarki Dankan yana barci, alhali baƙonsu ne a gidansu. Shekisfiya ya ajiye mana ma'auni a gefe, wato Banko, wanda yake tare da Makbet a ranar, aka gaya masa zuriyarsa za su yi sarauta, amma bai zare takobi a kan kowa ba. Mutum biyu suka ji duba iri ɗaya, ɗaya ya bar wa lokaci, ɗaya ya shiga jini har wuya. Idifus ya yi ɓarna bai sani ba, Makbet kuwa ya sani sarai, har ya zauna ya lissafa dalilan da suka hana shi, sannan ya take su. Abin da ya kira rabo, kwaɗayinsa ne da ya sami wanda zai faɗa masa abin da yake son ji.

Na uku namu ne na gida, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933. Umar yaro ne da aka yi ta wucewa da shi hannu zuwa hannu: uba ya rasu, an sace shi, mahara sun kama shi, har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙetaren Sahara ya riƙe shi kamar ɗa ya sa shi karatu. An saba karanta littafin a matsayin darasin haƙuri da yarda da hukuncin Allah, kuma haka ne. Sai dai mu tambayi kanmu: wa ya watsa gidan? Fadawa ne suka ƙulla wa Makau, mijin uwarsa, sharri don hassada har aka kore shi. Mutum ne ya saci yaron. Mutum ne ya yaudari uwar da ta fito neman ɗanta ya mai da ita baiwa. Kowane ɗayansu yana da damar bari, bai bari ba. Abin da ya zo wa Umar da sunan ƙaddara, da hannun mutane ya biyo. Shi kuwa da ya sami hankalinsa, abin da ya rage masa na zaɓi ya yi amfani da shi, ya riƙe ilimi ya koma ƙasarsa yana karantarwa.

'Yan'uwa, wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Yawancinmu teburin ofis muka dosa, wasu sun riga sun zauna. Ranar da takardun fanshon wani tsoho suka shekara a ƙarƙashin kabad, iyalinsa za su ce haka Allah ya so. Ranar da aka karkatar da kuɗin magani, mai naƙuda ta rasu a asibitin karkara, dangi za su ce kwana ya ƙare. Su a wurinsu wannan imani ne, kuma shi ke riƙe zukatansu. A bakin wanda ya ɓoye fayil ɗin ko ya ci kuɗin kuwa, kalmar ƙaddara mafaka ce kawai, irin ta Makbet. Malamanmu sun koya mana cewa yarda da ƙaddara ba ta ɗauke wa kowa hisabi, ga shi kuma mun ga mutanen Atina da na Landan sun yi ta juya wannan tambaya a dandalin wasa.

Babu ɗayanmu da ya zaɓi garinsu, ko iyayensa, ko zamanin da ya tarar. Amma sa hannu a takarda, da ƙin sa hannu, da bin bincike har ƙarshe ko da zai ƙare a kanmu, duk suna hannunmu. Idan wata rana aka ba da labarin wani talaka da ya biyo ta ofishinmu, mu yi fatan a lissafa mu tare da makiyayin da ya ji tausayi da Abdulkarim da ya sa maraya karatu, kada a same mu cikin fadawan da suka kori Makau.

Allah ya sa mu dace.