Rigakafi Ya Fi Magani: Nauyin Da Ke Wuyanmu 'Yan Boko



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi bayani a kan abubuwan da ke wakana a duniya ta fuskar kimiyya da fasaha da kiwon lafiya. To, wannan fage ne mai faɗin gaske, kuma Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Saboda haka na zaɓi abu guda wanda ya haɗa kimiyya da siyasar duniya da kuma rayuwar gidajenmu, wato allurar rigakafi. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, kuma a matsayin ma'aikaci kuma uba zan yi magana.

Bari in fara da albishir. Babu wanda ke zaune a wannan ɗaki da zazzaɓin cizon sauro bai taɓa kayar da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 wannan cuta ta kashe mutum kusan 600,000 a duniya, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Afirka, kuma Nijeriya kaɗai ce ta ɗauki sama da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan asara. Masana sun shafe shekaru da dama suna neman rigakafinta, domin ƙwayar cutar tana da wayo ƙwarai. Idan macen sauro ta ciji mutum, ƙwayar takan wuce kai tsaye zuwa hanta ta ɓuya ta hayayyafa, sannan ta fito ta afka wa jini, a nan ne zazzaɓi ke tasowa. Aikin rigakafin shi ne ya koya wa jiki ya tare ta tun kafin ta samu wurin zama a hanta.

A shekarar 2019 aka fara yi wa yara rigakafi na farko, mai suna RTS,S, a Ghana da Kenya da Malawi, aka kuma ga mutuwar ƙananan yara ta ragu da kimanin kashi 13 cikin ɗari a wuraren da aka yi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021, sannan a 2023 ta amince da na biyu, mai suna R21, wanda Jami'ar Oxford ta Ingila ta ƙirƙira, wani kamfani na Indiya ke sarrafa shi da yawa. Abin da ya kamata ƙannenmu ɗalibai su lura da shi shi ne, ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen R21 a garin Nanoro na Burkina Faso aka yi shi, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Halidou Tinto, baƙar fata ɗan Afirka ta Yamma kamar ni da ku. Kamaru ta sa rigakafin zazzaɓi cikin alluran yara na yau da kullum a watan Janairu na 2024, Nijeriya kuwa ta fara a watan Disamba na wannan shekarar a jihohin Kebbi da Bayelsa. Sau huɗu ake yi wa yaro, kuma ba ya maye gurbin gidan sauro ko maganin da ake raba wa yara da damina. Tafiya suke tare.

Haka nan a shekarar 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabon rigakafin sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar lokaci guda. Mu da muke cikin yankin da sanƙarau ke ɓarna duk bazara, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

To jama'a, ga magani a gonar yaro, amma me ya sa har yanzu muke binne yara saboda cututtukan da ke da rigakafi? Nijeriya tana da yara sama da miliyan biyu waɗanda ba a taɓa yi musu allurar rigakafi ko sau ɗaya ba, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Mun ga sakamakon haka daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke, Kano ta fi kowa shan wuya, ɗaruruwan yara suka rasu, yawancinsu ba a yi musu rigakafi ba. Rigakafin mashaƙo kuwa ya girmi duk wanda ke cikin wannan ɗaki, kuma kyauta ake yin sa a asibitocin gwamnati.

Kada mu yi saurin cewa jahilci ne kawai. Ruwa ba ya tsami banza. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 11,000. A tsakiyar wannan masifa ne kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, aka shiga shari'a wadda sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne, ba rigakafi ba, amma talaka bai bambance ba, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi.

Wannan tsoro ne ya share fage ga abin da ya faru a 2003, lokacin da aka yaɗa cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, har Kano da wasu jihohi suka dakatar da shi. Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. Sakamakon haka cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kimanin ashirin, har da Sudan da Yemen da ita kanta Indonesiya. Gurguwar da kuke gani a bakin hanya tana jan jiki, mai shekara ashirin da 'yan kai, wataƙila ita ce ta biya farashin wannan jita-jita. A watan Fabrairu na 2013 kuma aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Duk da haka, da sarakuna da malamai da mata masu shiga gida-gida suka haɗa hannu, sai aka ci nasara. Tun 2016 ba a sake samun asalin ƙwayar shan inna a Nijeriya ba, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita. Sai dai akwai wani nau'i da ke ɓullowa a wuraren da yara da yawa ba su sami ɗigon ba, shi ya sa ba a daina zagaye ba. Darasin a nan shi ne, amana ce ta karye, kuma mutanen da jama'a suka yarda da su ne suka ɗinke ta.

Yanzu kuwa abubuwa biyu sun sauya. Na farko, a 2003 jita-jita a ƙafa take tafiya, daga majalisa zuwa majalisa. Yau saƙon murya guda a WhatsApp ko ɗan bidiyo a TikTok yana iya kewaye jihohi kafin a tashi daga aiki. Mun gani a lokacin korona, kuma abin kunya, sau da yawa mu masu digiri ne muke turawa ba tare da bincike ba.

Na biyu, masu ba da agaji sun fara naɗe tabarmarsu. A watan Janairu na 2025 Shugaba Trump ya sa hannu kan ficewar Amurka daga Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shekarar kuma aka rushe hukumar USAID, wadda ta daɗe tana tallafa wa yaƙi da zazzaɓi da sauran cututtuka a ƙasar nan. A nan Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa wannan adadi ba. A aikinmu na gwamnati mun san cewa rubuta kuɗi a kasafi daban, sakin su daban. Rigakafi kuwa yana bukatar firji da wuta da babur da ma'aikaci mai albashi, in ba haka ba ya lalace kafin ya isa ƙauye. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, don haka kada mu ɓata lokaci muna zargin Turawa. Lafiyar 'ya'yanmu aikinmu ne.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abubuwa huɗu. Kowannenmu ya koma gida yau ya duba katin rigakafin 'ya'yansa da na 'ya'yan 'yan'uwansa, ya tabbatar an cike shi. Kada mu sake tura wani saƙo na lafiya sai mun tambayi likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu, ga su nan muna da su da yawa. Idan mun je garuruwanmu da salla, mu zauna da mai unguwa da liman da iyayenmu mata, mu saurari tsoronsu cikin ladabi, mu ba su amsa ta gaskiya, ba tare da raini ba. Waɗanda ke ma'aikatun kuɗi da tsare-tsare da ƙananan hukumomi kuma, su tsaya a kan fayil ɗin asibitin karkara kamar yadda suke tsayawa a kan na ƙarin girma.

Talakawan garuruwanmu ne suka biya harajin da aka karantar da mu, kuma suna sauraronmu fiye da yadda muke zato. Ga ƙannenmu ɗalibai kuwa, ku riƙe darasin kimiyya da kyau, domin ƙasar nan na bukatar masu haɗa rigakafi a gida.