Kafin Mu Ɗora Rufi, Mu Auna Katako



Da na ji ƙungiyarmu za ta sake rufin ɗakin karatu, sai na roƙi a ba ni minti biyar, domin aikina ke nan a ma'aikatar gandun daji. Wata damina an tura ni duba wani aji da iska ta yaye wa rufi. Kwanon sabo ne, ƙusoshi na nan daram, katakon ne ya karye, kuma duk karayar a kan ƙullin reshe take. Allah ya kiyaye, ran nan babu yara a ciki.

A da, iyayenmu da maɗaci da loko suke rufi. Waɗannan sun yi wuya sun yi tsada, shi ya sa kasuwa ta cika da itatuwa masu saurin girma irin su malaina da turare. Malaina asalinta daga Indiya da maƙwabtanta ne, an kuma dasa ta da yawa a dazuzzukan Omo da Oluwa. Tana girma da sauri, amma ba ta kai maɗaci nauyi ba, kuma galibi katako mara nauyi bai kai mai nauyi ƙarfi ba. Haka nan sashen da ke kusa da tsakiyar gungume, wanda itacen ya yi yana ƙarami, ya fi rauni.

To, yaya ake gane ƙarfi? A ɗakin gwaji ana yanko ɗan sanda mai kaurin santimita 2 da tsawon santimita 30, a busar da shi har danshinsa ya sauko kashi 12 cikin 100. Sai a ɗora shi kan madogara biyu, inji ya yi ta danna tsakiya har ya karye, a rubuta nauyin da ya ɗauka. Da irin wannan sakamako ne ƙa'idar gini da katako ta Nijeriya ta 1973 ta kasa itatuwa aji bakwai, daga N1 mafi ƙarfi zuwa N7.

Mu da ba mu da inji, ido ne ma'auninmu. A duba ƙulli, musamman na gefe. A duba tsaga, da lanƙwasa, da ramin ƙwaro. A ƙi ɗanyen katako, domin in ya bushe a kan gini zai murɗe ya saki ƙusa. Malaina kuwa tana jinkirin bushewa, kada a yarda da bushewar bayanta kawai.

Ban ce a guji malaina ba. In ta bushe, aka tace ta, aka ƙara kauri, aka matso da tazarar sanduna, aka sa maganin gara, za ta yi aiki. Shawarata ita ce kwamiti ya je kasuwa tare da kafinta, a zaɓi katakon nan ɗaya bayan ɗaya. Ni ma zan bi ku, kyauta. Araha ba ta ado, kuma ƙannenmu ne za su zauna a ƙarƙashin rufin nan.