Tsakanin Hannun Mai Rai da Rabon Alƙali



An ɗora mini tambaya mai nauyi: uba ya mori abin da ya tara tun yana raye, ko ya danne zuciyarsa ya bar wa 'ya'ya gado? Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A Ingila ma ana yin ta, amma a kan wani tushe daban. Can tsoho yana da fansho, yana da asibitin gwamnati, doka ta sakar masa mara ya yi wasiyya ga wanda ya ga dama, kuma a ƙa'ida hukuma na yankar kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura fam 325,000 a dukiyar mamaci. Wanda ke cikin wannan hali yana iya cewa bari in ci abina. Mu kuwa yawancin tsofaffinmu ba su da fansho, asibiti da kuɗinka ne, rabon gado kuma ba a hannun mai dukiya yake ba. Don haka amsarmu sai ta fito daga gida.

Musulunci ya riga ya shata iyaka. Idan mutum ya cika, za a fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba kuma ba a yi ta ga mai gado ba, sannan a raba saura kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara. Kowa a ɗakin nan ya san labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Ya kwanta ciwo a Makka, yana ganin ajali ne, kuma 'ya ɗaya tal gare shi. Ya nemi ya sadaukar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya hana. Ya nemi rabi, aka hana. Aka tsaya a sulusi, aka kuma nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Abin da ba a cika kawowa ba shi ne Sa'adu ya tashi daga wannan ciwo, ya ƙara shekaru sama da arba'in a duniya, ya haifi 'ya'ya da yawa. Da ya rabar da komai a ranar, da shi kansa ya fara shiga uku kafin magada. Mai tanadi ba ya san ranarsa, kuma tsufa mai tsawo ma abin yi wa guzuri ne.

To, ra'ayina a taƙaice shi ne: mun fi ƙarfafa abin da za a raba bayan rai, mun yi sakaci da abin da ya kamata hannun uba ya miƙa da kansa. Bari in kawo dalilai.

Ku dubi abin da ake kira tanadin. A farkon 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, kafin 2024 ta ƙare dala ta haura 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Ma'aikacin da ya karɓi garatuti ya kulle a banki don 'ya'ya, bai taɓa ko sisi ba, amma fiye da rabin ƙarfin kuɗin ya zube. Bai ci ba, 'ya'yan ma ba za su ci ba. Shi ya sa mutanenmu ke gudu zuwa fili da gida da shanu, kuma suna da gaskiya. Sai dai fili ba ya sayen magani sai an sayar da shi, kuma a nan ne zuciyata take karaya.

Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Muna ganin dattijo mai hawan jini ko ciwon suga yana shan magani yau, ya tsallake gobe da jibi, alhali yana da filaye biyu a bayan gari. In ka ce masa, "Baba, a sayar da ɗaya mana," sai ya ce, "A'a, wannan na yara ne." Yaran nan fa wasunsu sun yi furfura. Ana haka har ƙoda ta taɓu, a koma wanki sau biyu ko uku a mako, a sayar da filin a gaggauce a hannun dillali da rabin kuɗinsa. Ina roƙon iyayenmu su ji wannan da kyau: dukiyarku taku ce har ranar da rai ya yi halinsa. Babu ɗan da ke da haƙƙin gado a kan mai numfashi. Cin abinci mai kyau, ganin likita a kan lokaci, gyara ɗakin da ke yoyo, sauke farali tun ƙafa tana iya ɗawafi, duk wannan ba cin amanar 'ya'ya ba ne. Kujerar Hajji ta haura naira miliyan 8 a 2025. Wanda ya iya a shekarun baya ya ce sai ya gama tara wa yara, yau ga kuɗin ba su isa ba, ga gwiwa ta ƙi.

Yanzu ga wadda aka fi mantawa da ita a wannan lissafi, wato uwargida. Mu ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar gida ɗaya da aka yi wa kuɗi naira miliyan 16, ba bashi, ba wasiyya, iyayensa sun riga shi. Yana da mata biyu, 'ya'ya maza biyar, mata huɗu. Tumunin takaba miliyan 2 ne, matan biyu su raba, kowace miliyan ɗaya. Saura miliyan 14: kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan ɗaya. Rabo ya yi daidai, babu zalunci a cikinsa, don shari'a ta ɗora ciyar da uwa mabuƙaciya a wuyan 'ya'yanta. Amma ku kalli abin da ke faruwa a zahiri. Gidan ba ya rabuwa goma sha ɗaya, dole a sayar. Matar da ta shekara arba'in tana shara a tsakar gidan nan, da ta fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma, sai ta ɗauki miliyan ɗaya wadda ba za ta saya mata ɗaki ba, ta koma raɓe a gidan ɗa, tana kallon fuskar suruka. In ba ta haihu ba kuwa, sai gidan wani ɗan'uwa. Laifin ba na rabon ba ne. Mijin ne ya kamata ya hango wannan rana, ya mallaka mata wani abu da sunanta tun yana da lafiya.

Hanyar kuwa a buɗe take, sunanta kyauta. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyauta ba ta kammala sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. "Na ba ki gidan nan" da aka faɗa a ɗaki, ba shaida, ba takarda, maigida kuma ya ci gaba da karɓar haya, magana ce da za ta rushe a gaban alƙali. Wanda kuma ya bari sai cutar ajali ta kama shi, kyautarsa ta koma hukuncin wasiyya, ga shi babu wasiyya ga mai gado sai sauran magada sun yarda. Lokacin yi shi ne yau da kake zuwa kasuwa da ƙafarka.

Haka zancen yake ga 'ya'ya. Yaushe ɗa ya fi buƙatar taimakon uba? Yana ɗan shekara ashirin da biyar, yana neman kuɗin makaranta, ko jari, ko keken ɗinki, ko sadaki. Ba sai ya kai hamsin ya gama shan wahala ba. Kakanninmu sun gane wannan a tsarin gandu: ɗa yana noma tare da uba, uba ya yanka masa gayauna, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari. Kafin uba ya kau, ɗa ya iya riƙon garma da riƙon gida. Alhassan Dantata ya rasu a 1955, kuma har yau zuriyarsa na cikin manyan 'yan kasuwar ƙasar nan. A ganina ba yawan abin da aka raba ne ya riƙe gidan ba, don an raba manyan dukiyoyi a Kano waɗanda ba su kai jika ba. 'Ya'yan sun shiga harkar ne tun mahaifinsu yana kallo yana gyara musu. Hausawa sun ce gadon gida alala ga raggo.

'Ya mace ta fi kowa cancantar wannan kyauta ta mai rai. Mun san yadda ake yi da rabonta a ƙauyukanmu: a ce gona ta zauna a hannun yayyenta maza, "ai ke kina gidan miji", shekara ta bi shekara, kunya ta hana ta tambaya. Ilmin da aka ba ta da sana'ar da aka kafa mata babu wan da zai riƙe mata su. Sharaɗi ɗaya ne, adalci. Lokacin da sahabi Bashir ya yi wa ɗansa Nu'umanu kyauta shi kaɗai ya nemi Annabi (SAW) ya shaida, Annabi ya ƙi, don ba a yi wa sauran 'ya'yan irinta ba. Wanda ya fake da kyauta don ya fifita ɗakin amarya, ko ya kauce wa rabon mata, ya kunna wutar da za ta ci zumuncin gidansa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an ba shi lasisin facaka. Akwai wanda zai karɓi kuɗin sallama ya ƙara aure, ya sake haihuwa huɗu yana da shekara sittin da biyar, ba tare da ya tanadar musu ko kuɗin firamare ba. Akwai mai zuwa Umra duk azumi, ƙaramin ɗansa kuwa an koro shi daga makaranta. Wanda ke da ƙananan yara hukuncinsa daban, shi barin gado ya kusa zama dole a kansa, kuma gidan da iyali ke kwana ciki ba abin sayarwa don biki ba ne.

Abin da ya rage bayan duk wannan, a bar shi a tsabtace. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, amma ɗan kasuwarmu zai mutu da lissafin miliyoyi a ƙwaƙwalwarsa, masu binsa su zo da shaidu, waɗanda yake bi su yi shiru. A rubuta. A nuna wa iyali inda takardun fili suke, a raba dukiyar mata da ta miji tun yanzu, a fitar da jarin abokin ciniki daga na gida. Mai son sadaka mai gudana ga waƙafi nan, jihohi irin su Zamfara da Sakkwato da Kano suna da hukumomin zakka da waƙafi. Ga malamanmu masu wa'azi kuma ina da roƙo: kuna karantar da mu babin rabon gado, mun gode, amma a haɗa mana da babin kyauta da hauzi a karatun masallaci, don magidanta su san abin da za su iya yi da hannunsu kafin magana ta kai gaban alƙali.