Dattawanmu da Titin Kwalta

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, 'yan'uwana 'yan asalin Karaye da Rogo mazauna birane.

Shekara da shekaru kukanmu a irin wannan taro bai wuce a gyara mana hanya ba. Sai dai ba kasafai muke tuna masu taka ta da ƙafa ba. Mu da mota muke bin ta. Iyayenmu kuwa su ne ke tsallaka ta da duku-duku zuwa sallar asuba, da almuru kuma daga kasuwa, ga sanda a hannu, ido ya yi rauni, kunne ya yi nauyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasuwa duk shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Ta kuma nuna cewa idan gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, yiwuwar mutuwar wanda aka buge tana ninkuwa sau huɗu da rabi. Kilomita 50 ɗin nan ita ce iyakar gudu a cikin gari bisa dokar hanya ta ƙasa. To, tsakani da Allah, wa ke kiyaye ta ranar jajibirin Salla, idan mun taso daga Kano ko Kaduna ko Abuja muna ɗokin isowa gida? Sau da yawa motar da ke firgita tsoho a bakin titi ta ɗan gari ce, ba ta baƙo ba.

Kuma buguwa suna ta tara. Yaro idan babur ya karya shi, mai ɗori ya ɗora, bayan wata biyu yana filin ƙwallo. Dattijo kuwa idan ƙashin ƙugunsa ya karye, ko an kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, ba lalle ba ne ya sāke takawa zuwa masallaci da ƙafarsa.

Tun 1972 motoci ke bin hannun dama a Nijeriya. Saboda haka mai tafiya a ƙasa ya kama gefen hagu, yana fuskantar abin hawa mai zuwa. Wannan mu faɗa wa iyayenmu cikin ladabi, mu haɗa musu da tocila. Wanda ke fama da yanar ido a kai shi asibiti, aiki ne da ake yi a warke. Masu shanyar hatsi a gefen kwalta lokacin kaka kuma, su ne ke tura tsoho tsakiyar titi, kuma dagatai ne kaɗai za su tsawata a ji.

Roƙona ga kwamitin ayyuka shi ne ya ƙirga masallatai da kasuwannin da ke bakin titi a ƙananan hukumomin nan biyu, ya nemi shawarar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da izinin Ma'aikatar Ayyuka kan wuraren da suka dace da tudun rage gudu da fitila mai aiki da hasken rana, sannan ya kawo mana lissafin kuɗin kafin Babbar Salla.