Jawabi Kan Gajiya da Barci Ga Masu Ƙara Nisan Gudu



A kowace safiya, musamman ranar Asabar, akan ga maza da mata suna gudun motsa jiki a bakin Tafkin Jabi da kewayen Babban Filin Wasa na Moshood Abiola da ke Abuja. Wannan abin yabo ne ƙwarai. Sai dai da yawa daga cikinsu, da zarar sun ƙudurta shiga tseren gudun fanfalaki, wanda tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, sukan ƙara nisan gudunsu, sa'an nan gajiya ta rufe su, har wasu su daina gudun ɗungum.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Ma'aikacin da ke zaune a Kubwa ko Nyanya ko Karu dole ne ya yi sammako saboda cunkoson motoci. Zafin rana kuma, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, ba ya barin a yi dogon gudu da hantsi. Saboda haka duk lokacin da ya ƙara wa gudu, daga barcinsa yake yankowa, alhali kuwa a sa'an nan ne jikinsa ya fi bukatar barcin.

Dogon gudu yakan yi wa tsoka ƙananan raunuka waɗanda ido ba ya gani, ya kuma ƙarar da abincin da jiki ya tanada a tsoka da hanta. Yawancin gyaran wannan ɓarna a lokacin hutu ake yinsa, musamman cikin barci mai nauyi, sa'ad da jiki ke fitar da sinadarin da ke gina tsoka. Likitoci sun ce baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9 kowane dare. A shekarar 2011 an buga sakamakon wani bincike na Jami'ar Stanford ta Amurka, inda aka sa 'yan ƙwallon kwando su riƙa kwanciya awa 10 na tsawon makonni, sai aka ga saurinsu da iya jefa ƙwallonsu sun ƙaru.

Don haka ga shawarwari. Na farko, kada ƙarin nisa ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. Mai yin kilomita 20 ya tsaya a 22. Na biyu, wanda zai tashi kafin asuba ya kwanta jim kaɗan bayan sallar isha'i. Na uku, a guji goro da shayi da kofi daga la'asar, domin suna korar barci. Na huɗu, a keɓe aƙalla rana ɗaya a mako ta hutu, a kuma yi ƙailula ta minti 20 zuwa 30 idan hali ya yi.

Akwai alamun da ba a rainawa: bugun zuciya ya ƙaru bisa yadda aka saba da safe, ƙafafu su yi nauyi, yawan fushi, da kasa barci duk da gajiya. Wanda ya ga haka ya rage gudu na 'yan kwanaki. Idan kasalar ta ƙi tafiya, sai ya je asibiti, domin zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini su ma sukan zo da irin wannan kama.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ƙara wa jama'a lafiya, amin.