Madubi da Ciwon Ƙafar da Aka Yanke



Iyayena maza da mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa, da ku da kuke jinya a gida, barkanku da war haka. Na san kowa ya bar rumfarsa a hannun yaro, saboda haka ba zan tsare ku da yawa ba.

Maganar da na zo da ita ta shafi waɗanda Allah ya jarraba da rashin ƙafa. A Garwa da kewayenta wannan ba baƙon abu ba ne. Akwai wanda ciwon sukari ya ci masa ƙafa tun daga ɗan gyambon da ya raina. Akwai wanda babur ya kayar a hanyar Pitowa ranar kasuwa, da wanda kububuwa ta sara a gona, da yaron da aka ɗaure wa karaya tamau har jini ya daina gudu, ƙafar ta mutu. Can wajen Mora da Kolofata kuwa, nakiyoyin da aka binne a hanya sun raba mutane da gaɓoɓinsu. Daga Yola da Mubi ma labarin bai bambanta ba.

Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi da nake zuwa wanke wa ciwo a gida bayan an sallame shi daga asibiti, kuma da izininsa nake ba ku wannan labari. Ciwon ya warke sumul, amma mutum kullum ramewa yake. Wata rana ya jira har matarsa ta fita tsakar gida, sannan ya rage murya ya ce da ni: "'Yar nan, ki gaya mini gaskiya, ko na fara taɓuwa ne? Ƙafar nan da aka binne, babban yatsanta ne ke hana ni barci. Ji nake kamar an kama shi da awartaki." Wata uku ke nan yana ɓoye wannan magana, don gudun kada a ce tsufa ya taɓa masa hankali.

Na ce masa: "Baba, lafiyar hankalinka ƙalau." Ku ma abin da nake so ku fara ji ke nan. Wanda aka yanke wa ƙafa ya ce tana masa zugi, ko ƙuna, ko ƙaiƙayi, ko yatsun sun danƙare sun ƙi buɗewa, gaskiya ya faɗa. Na ji masu cewa iskoki ne, da masu cewa sammu ne, da masu cewa a lanƙwashe aka binne ƙafar shi ya sa take kuka. Likitoci sun san wannan ciwo tun da daɗewa. Wani likitan sojan Faransa, Ambroise Paré, ya bayyana shi tun ƙarni na 16, bayan ya ga sojojin da ya yanke wa ƙafa suna kukan ciwonta watanni bayan aikin. A 1871 likitan Amurka Silas Weir Mitchell, wanda ya yi jinyar sojojin yaƙin basasar ƙasarsu, ya raɗa masa sunan da Turawa ke kiransa da shi har yau, wato fatalwar gaɓa. Suna ne kawai, babu wata fatalwa a ciki. A 2020 wasu masu bincike a Afirka ta Kudu sun tattara nazarce-nazarcen ƙasashe da dama, suka ga kusan mutum 64 cikin 100 na waɗanda aka yanke wa gaɓa suna fama da shi. Ke nan masu shi sun fi marasa shi yawa, sai dai da yawa sun yi shiru irin na Baba.

To ta yaya abin da babu shi zai yi ciwo? Amsar tana cikin ƙwaƙwalwa. Ƙafa ba ita ke jin zafi ba, saƙo kawai take aikawa ta jijiya, ƙwaƙwalwa ce ke karanta shi. Kowace gaɓa tana da gurbinta a can. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Kanada, Wilder Penfield, shi ya zana taswirar waɗannan gurabe: ga na hannu, ga na leɓe, ga na ƙafa. Wuƙar likita tana raba mutum da ƙafarsa, amma ba ta kai wa ga gurbin.

Ku ɗauka sarkin kasuwa ne da littafinsa. Gobara ta cinye wata rumfa, amma sunanta yana nan a littafi. Kullum sai ya aiki yaro ya je ya ga mai rumfar, yaro ya tafi bai dawo da amsa ba. Ya sake aike, shiru. Sai hankalinsa ya tashi, ya riƙa aike a kan aike yana ɗaga murya. Haka ƙwaƙwalwa take cewa da ƙafa "miƙe yatsu", ba ta ji an miƙe ba, ido kuma bai ga an miƙe ba. Bayanin da masana da yawa ke bayarwa shi ne wannan saɓani, tare da saƙonni barkatai da yankakkun jijiyoyi ke aikawa daga dungu, su ke zama zafi.

A nan madubi ya shigo. Wani likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Indiya, V. S. Ramachandran, da ke Jami'ar Kalifoniya a San Diyego, ya yi tunanin cewa in ba za a iya maido da gaɓa ba, ana iya nuna wa ido ita. Ya sa madubi a cikin akwati, mai hannu ɗaya ya sa lafiyayyen hannunsa, ya duba ya ga hannu biyu. Da ya motsa lafiyayyen, sai wasu suka ji wancan da ya shekara a dunƙule ya buɗe. An buga sakamakon a 1996.

A kan ƙafa kuwa, gwajin da aka fi ambata shi ne na asibitin soja na Walter Reed a Amurka, wanda aka buga a 2007. Mutum 18 suka kammala shi, an raba su gida uku, shida-shida. Rukunin farko suka yi aiki da madubi minti 15 kullum har mako huɗu. Na biyu aka rufe musu madubin da ƙyalle. Na uku aka ce su rufe ido su riƙa raya motsin a zuci. Duka shidan da suka ga ƙafarsu a madubi sun ce ciwo ya ragu. A sauran rukunan biyu, waɗanda ciwonsu ya ƙaru sun fi waɗanda suka sami sauƙi yawa. Mutum 18 ba taro ba ne, kuma nazarin da ya biyo baya ya nuna akwai waɗanda madubi bai yi wa komai ba. Ba na so ku bar nan kuna cewa na yi alkawarin waraka. Abin da ya sa nake kawo muku shi, ba a haɗiya, ba a allura, kuma yawancin gidajenmu akwai shi a jingine a ɗakin amarya. Wani mutumin Kanada, Stephen Sumner, wanda shi ma a haɗarin babur ya rasa ƙafarsa, da ya ga amfanin abin a jikinsa sai ya ɗaure madubai a kan keke yana zagaya ƙauyukan Kambodiya yana raba wa waɗanda nakiya ta yanke. Mu nan ba sai mun jira mai keke ba.

Ga yadda ake yi, kuma ina roƙon masu jinya su saurara da kyau, don aikin na mutum biyu ne. A fara tambayar likita ko ma'aikacin jinyar da ke duba dungun ko lokaci ya yi. A sami madubi dogo, irin na tela ko na jikin sif, wanda zai nuna ƙafa tun daga cinya har yatsu, marar tsagewa, a naɗe gefensa da tsumma kada ya yanki mutum. Mai ciwo ya zauna a kan gado ko tabarma, ya jingina bayansa, ya miƙe ƙafa. A tsayar da madubin a tsakanin cinyoyinsa, fuskar madubin tana kallon lafiyayyar ƙafa, dungun kuma ya ɓuya a bayansa. Wani ya riƙe don kada ya yi rawa. A cire takalmi da safa da duk wani abin ado, a ɗage zane ko wando zuwa gwiwa. Saboda haka mata su yi a ɗakinsu, 'ya ko 'yar'uwa ta riƙe musu.

Sai ya ɗan karkata ya dubi cikin madubin. Nan ne mutane suka fi kuskure: idonsu yakan koma kan ƙafar gaske. Ƙafar cikin madubi ita ake kallo, har zuciya ta fara karɓar cewa ga ƙafa biyu a miƙe. Kada a yi gaggawar motsi. Minti biyu ko uku na farko kallo ne kawai. Bayan nan ya motsa yatsu a hankali, ya buɗe su ya rufe, ya ɗaga tafin ƙafa sama ya sauke, ya juya idon sawu, ya lanƙwasa gwiwa ya miƙe. Duk motsin da lafiyayyar ta yi, ya yi niyyar yinsa da wadda babu, lokaci guda, kamar mai koya wa yaro tafiya. In wurin da ke ciwo yatsa ne, a daɗe a kan yatsa. In ƙaiƙayi ne a tafin ƙafa, mai jinya ya sosa tafin lafiyayyar yayin da mai ciwo ke kallon madubi.

Minti 15 a rana ya isa. Wanda ya gaji ya raba shi biyu ko uku. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a yi yau a bari sai jibi. Ku ɗaura shi a kan wani abin da ba ku fashinsa, kamar bayan sallar la'asar, a kashe rediyo, a kori yara waje. Ku 'yan kasuwa kun saba da littafin bashi: a ware shafi guda, kullum a rubuta ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10 kafin a fara da bayan an gama. Da wannan shafi za a san gaskiya bayan mako huɗu, domin mai ciwo yakan manta yadda yake a makon jiya. Baba mai hatsi ya fara da 8. Mako na farko bai ga komai ba, har ya ce wasan yara nake sa shi. A mako na uku ya rubuta 4, kuma ya yi barci har asuba. Ciwon bai tafi duka ba, yakan taso masa lokacin sanyin hunturu, sai ya sa a ɗauko madubi.

Ranar farko wasu kan fashe da kuka da ganin ƙafa biyu. Ko a gwajin Walter Reed an sami mutum biyu da baƙin ciki ya taso musu na ɗan lokaci. Kada ku ce masa ya yi haƙuri ya daina, ku bar shi ya yi, sannan a ci gaba in ya yarda. Amma in jiri ya ɗebe shi, ko tashin zuciya, ko ciwon ya ƙaru, ko ganin ƙafar yana dawo masa da firgicin haɗarin, a ajiye madubi a zo a same mu. Wanda aka yanke wa ƙafa biyu, wannan hanya ba tasa ba ce, akwai wasu dabarun da masu gashin ƙashi ke koyarwa.

Sannan a rarrabe ciwon ƙafar da babu da ciwon dungu kansa. In dungun ya kumbura, ya yi zafi a hannu, yana ruwa ko wari, ko zazzaɓi ya zo, wannan ƙwayar cuta ce, madubi ba ya kashe ta. A tafi asibiti a ranar, ko cibiyar lafiya mafi kusa ko babban asibitin yanki na Garwa. In kuma akwai wani ɗan ƙulli da in an taɓa shi sai mutum ya zabura kamar lantarki ya ja shi, bakin jijiya ne ya dunƙule, likita ne zai duba. Haka ƙafar roba in ta matse ko ta yi yawa, a mayar wa masu haɗa ta su gyara.

Ba zan tashi ban ambaci tramol ba. Na san dare yana da tsawo ga mai ciwo, kuma mai tallan magani yana bakin ƙofa. Amma na shiga gidajen da ciwon ƙafa ya zama ciwo biyu, domin mutum ya wayi gari ba ya iya yini sai da ƙwaya, wani har da farfaɗiya. Akwai magungunan ciwon jijiya da likita ke rubutawa gwargwadon shekarun mutum da lafiyar ƙodarsa, kuma ana haɗa su da madubi ba tare da matsala ba. Wanda ya riga ya saba da tramol kada ya yanke shi dare ɗaya, ya zo a rage masa a hankali.

Masu ciwon sukari, ga ƙarin amfani a gare ku. Tunda madubin yana hannu, kafin a mayar da shi a kwantar da shi a duba tafin ƙafar da ta rage da tsakanin yatsu. Duk tsaga, ko bororo, ko wurin da ya canza launi, a kawo mana shi tun yana ƙarami, kada a jira ranar da babu ciniki.

Wanda ke da mai wannan ciwo a gida kuma yana so a nuna masa yadda ake riƙe madubin, ya tsaya bayan an tashi. Na zo da guda ɗaya, za mu gwada a nan cikin rumfa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.